Babi na Bakwai: A Gani Yau, a Magance Yau

Malaman Islamiyyar matan aure sun san irin tambayar da ba a yin ta a gaban aji. Sai an tashi, kowa ta gyara hijabinta ta kama hanya, sannan wata ta dawo da baya ta rage murya. "Malama, na fi shekara uku da daina ganin al'ada, ga shi yanzu jini ya dawo mini. Yaya zan yi da salla?" Wata kuma tata tambayar ta fi nauyin faɗa: duk sa'ad da maigida ya kusance ta, sai ta ga jini. Malama za ta bambance mata haila da jinin biƙi da istihala, ta gaya mata hukuncin tsarkinta da sallarta da azuminta. Ta fuskar ibada an gama. Amma da sauran magana ɗaya da ya kamata ta biyo baya, a Funtuwa ne ko a Bakori ko a Malumfashi: "Yaya, ki je asibiti a duba bakin mahaifarki, kada ki bari satin nan ya wuce."

Jinin da ya dawo bayan al'ada ta tsaya, da jinin da ke biyo bayan saduwa, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, su ne manyan alamomin sankarar bakin mahaifa. Ba duk mai ganinsu ce ke da sankara ba. Sai dai a ƙasar nan kusan duk abin da ya fito ta gaban mace sunansa sanyi. Daga kemis ake farawa, a koma wajen mai magani ranar kasuwa, a yi matsi, a yi hayaƙi, a sha jiƙo. Wata shida su wuce, shekara ta zagayo. Ranar da ciwon mara da na baya suka hana ta barci, ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya fara zubo mata ba da saninta ba, ranar ce ake fitar da buhunan masara a sayar, a ɗauki shatar mota zuwa Shika.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyar Zariya, tafiyar kamar awa ɗaya daga Funtuwa, kuma yana cikin 'yan tsirarun asibitocin Najeriya da suka daɗe suna gashin daji. Maganin sankarar da ta yi nisa ba na zuwa a dawo ba ne. Gashi ake yi kullum, ban da ranakun hutu, har kimanin mako biyar, a haɗa da allurar kimo duk mako, sannan a ƙara da wani gashin da ake yi ta ciki. Ga kuɗin jini, ga na abinci, ga mai jinya da ya bar gona ko sana'a. Likitocin mata a manyan asibitocinmu sun gaji da maimaita magana ɗaya: mafi yawan masu wannan ciwo suna iso musu ne a mataki na uku ko na huɗu, lokacin da tiyata ba ta da sauran amfani.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 an sami mata kimanin 12,000 da suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Bayan sankarar mama, ita ce ta biyu wajen kama matan ƙasar. A duniya baki ɗaya, a 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu, 350,000 suka rasu, kuma sama da tara cikin goma na mamatan daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. Ba don jikin matanmu ya bambanta da na matan Ingila ba. Can ana duba su tun ciwon bai zama ciwo ba.

A nan ne takaicin yake, domin a cikin cututtukan daji da wuya a sami wanda ke ba mutum rata irin wannan.

Tushensa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Wani masani ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano nau'o'inta biyu mafiya haɗari, na 16 da na 18, a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan biyun ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Mafi yawan mutanen da suka taɓa aure, maza da mata, sun gamu da ƙwayar a wani lokaci ba su sani ba, kuma a jikin kamar tara cikin goma garkuwar jiki kan share ta cikin shekara biyu. Sauran ne take zama a jikinsu. A bakin mahaifa akwai wani ɗan da'ira inda fatar waje ta haɗu da ta ciki, kuma a nan ƙwayar ke samun wurin kamawa. Sannu a hankali sai ta sauya ƙwayoyin halittar saman fatar, wani ɗan tabo ya samu wanda ba ya ciwo, ba ya jini, ba ya wari. Likitoci na kiransa CIN, suna kasa shi mataki uku. Na farko galibi yakan warke da kansa. Na biyu da na uku su ake nema a kawar, don daga cikinsu ne sankara ke fitowa. Daga zaman ƙwayar zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai cikakkiyar garkuwa. Ga mai HIV wadda ba ta shan magani yana iya zama shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata sau shida.

Manomin Ɗanja ko Malumfashi ya san halin wuta-wuta. Tana maƙale da saiwar dawa ko masara a ƙarƙashin ƙasa tana zuƙe ta makonni kafin ta ɓullo, kuma ranar da furenta ya bayyana a gona ɓarna ta riga ta yi nisa. Jinin da matar nan ta kai wa malama shi ne furen. Bambancin kawai shi ne, bakin mahaifa wuri ne da ido ke iya kaiwa tun ana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke biyo bayan barin tabon ba hasashe ba ne, an gani da ido, ta hanya mai muni. A wani babban asibitin mata da ke Auckland ta ƙasar New Zealand, daga 1966 wani likita mai suna Herbert Green ya riƙa barin mata masu tabo na mataki na uku ba tare da cikakken magani ba, yana bin su da kallo, don ya gaskata cewa tabon ba ya zama sankara. Abin ya zama babbar badaƙala da gwamnati ta kafa wa kwamitin bincike a 1987. Da masana suka sake bin takardun matan, suka wallafa sakamako a 2008, sai aka ga kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka bari sun kamu da sankara cikin shekara 30. A cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata, ba a kai ɗaya cikin ɗari ba.

Hanyar da ƙasashen Turai da Amurka suka bi suka karya lagon ciwon ita ce gwajin Pap, wanda aka sa wa sunan George Papanicolaou, likita ɗan asalin Girka da ya yi aiki a New York. Ya fara bayyana dabarar a 1928, ta karɓu bayan littafin da ya fitar da abokin aikinsa a 1943. Ana shafo ƙwayoyin bakin mahaifa a ɗora kan gilashi, a aika ɗakin gwaji, ƙwararre ya duba da madubin likita. Gwaji ne mai kyau, amma dogon zare gare shi. Mace ta zo a ɗiba. Ta dawo bayan makonni ta karɓi sakamako. In an ga wani abu, a tura ta babban asibiti a haska wurin a yanki ɗan nama. Ta sake jiran sakamako. Sannan ta koma a yi magani.

Yanzu a ɗora wannan zaren a kan matar da ke wani ƙauye a ƙasar Faskari ko Sabuwa. Kowace fita tana bukatar izinin maigida, da kuɗin mashin zuwa bakin titi, da na mota, da wadda za ta riƙe yara ta dafa tuwon dare. Da damina rafi na iya cin hanya, kowa kuma yana gona. A shekarun nan ga matsalar 'yan bindiga da ta sa wasu hanyoyin Ƙanƙara da Ɗandume da Faskari sai da lissafi ake bin su, wasu ƙananan asibitocin ma ma'aikata sun ƙaurace musu. Sannan matar nan lafiyarta ƙalau a ganinta, babu inda ke mata ciwo. Wa zai ba ta kuɗin mota sau huɗu don ciwon da ba ta ji? A kowace dawowa sai an zubar da wasu matan a hanya, kuma waɗanda suka fi nisa da talauci su ake fara zubarwa.

Wannan ne ya sa masana suka koma ga wani abu da ke kan kantar masu sayar da magungunan Musulunci: ruwan khal. Ma'aikaciyar lafiya za ta sa ƙaramin abin buɗawa na ƙarfe ko na roba, ta haska da fitila mai kyau, ta jiƙa auduga da ruwan khal fari mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ta shafa a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya cur. Lafiyayyar fata ba ta sauya launi. Inda tabo yake kuwa sai ya yi fari fat, da iyaka a fili, na ɗan lokaci. Nan take ta san amsar, matar ma ta sani tun ba ta sauko daga gado ba. Ba wutar lantarki, ba ɗakin gwaji. (Ya kamata a faɗa da babbar murya, tun da khal ya yi suna a gidajenmu: a nan aikinsa nuni ne kawai. Ba ya warkar da komai, kuma mace ta riƙa matsa shi a gida ba abin da zai jawo mata sai ƙuna.)

An gwada dabarar a wuraren da suka yi kama da namu. A gundumar Dindigul ta kudancin Indiya, binciken da Dakta Rengaswamy Sankaranarayanan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa duba ɗaya da ruwan khal da nas-nas suka yi ya rage kamuwa da kashi 25 cikin 100, ya rage mutuwa da kashi 35. A unguwannin talakawa na birnin Mumbai an bi mata kimanin 150,000 na tsawon shekaru, masu dubawar kuma mata ne da karatunsu bai wuce aji goma ba, aka horar da su na 'yan makonni. Mutuwa ta ragu da kashi 31. A Zambiya, tun 2006 nas-nas ke wannan aiki a asibitocin gwamnati, suna ɗaukar hoton bakin mahaifa da kyamara don matar ta gani da idonta, likita ma ya duba in an yi shakka. Najeriya ba baƙuwa ba ce a lamarin: garin Shagamu na Jihar Ogun yana cikin wuraren da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada tsarin a ƙasashen Afirka shida daga 2005.

Gani dai rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi ba da wahala shekara da shekaru, shi ne yadda za a kashe tabon nan take.

Da farko daskarewa aka dogara da ita. Ana ɗora bakin wata na'ura a kan tabon, iskar gas ta sanyaya shi har ya yi ƙanƙara minti uku, a bari ya narke minti biyar, a sake daskarar da shi minti uku. Tana aiki sosai. Matsalarta tukunyar gas: ga nauyi, ga tsada, ga shi sai a manyan birane ake cika ta. Shirye-shirye da yawa a Afirka sun tsaya cak ba don rashin ma'aikata ba, sai don gas ya ƙare, na'ura tana jingine a kusurwa. Mafitar ta zo daga wata tsohuwar dabara da likitan Jamus Kurt Semm ya ƙirƙiro a 1966, wato ƙona tabon da zafi. Na'urorin yanzu ana riƙe su da hannu ɗaya, da batir suke aiki, ana iya cajinsu da sola, suna shiga jakar hannu. Bakin na'urar yakan yi zafin digiri 100, a ɗora shi a wurin na daƙiƙa 20 zuwa 30, a maimaita a gefe in tabon yana da faɗi. Ba a sa barci, ba a yanka, ba a ɗinki. Abin da matar ke ji bai wuce murɗawar mara irin ta al'ada ba da ɗan ɗumi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da dabarar a hukumance, ta kuma ce nas da ungozomar asibiti da aka horar za su iya yi. Kimanin tara cikin goma na waɗanda aka yi wa suna rabuwa da tabon, ko da yake nasarar takan gaza haka ga masu HIV.

Tambayar da kowace mace a yankin nan za ta fara yi, kuma tana da gaskiyar yi, ita ce ta haihuwa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna Jihar Katsina ce kan gaba a Najeriya wajen yawan haihuwa, sama da 'ya'ya bakwai ga kowace mace a matsakaici, kuma kalmar "ƙonawa" kusa da kalmar "mahaifa" ta isa ta kori mata daga layi. Amsar a bayyane take: ba a shiga cikin mahaifa, ba a cire komai, saman fatar bakin ne kawai ake taɓawa, sabuwa kuma ta tsiro a wurin. Binciken da aka yi bai nuna yana hana ɗaukar ciki ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne sankarar in ta kama. Yawan haihuwa da fara ta da ƙuruciya ma suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon, don haka uwar 'ya'ya takwas ta fi kowa cancantar a duba ta.

Ba kowane tabo ne ƙonawa ke isa ba. In ya rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na bakin mahaifa, ko ya shige cikin ƙofar inda ido ba ya ganin ƙarshensa, sai an fere shi da wata siririyar waya mai lantarki, aikin da likita ke yi a babban asibiti da allurar kashe zafi. In kuma abin da aka gani ya riga ya yi kama da sankara, ba a ƙona shi sam, sai a tura ta a ɗebi nama a gwada. Mai ciki ma ba a yi mata sai ta haihu ta warware. Wannan na nufin ranar awo ba ita ce ranar aikin ba, ko da yake a nan mata suka fi taruwa. Ranar rigakafin yara da sashen tazarar haihuwa da na masu karɓar maganin HIV sun fi dacewa.

Duk wanda ya fahimci wannan zai gane inda gangamin da aka saba yi yake da rauni. A kafa rumfa, a rataya kyalle, a duba mata ɗari uku, a ɗauki hoto, a sanar da adadi. Waɗanda aka ga fari a jikinsu a miƙa musu takarda a ce su je Zariya ko Katsina. Matar da ta fito gida da safe da ƙoshin lafiya ta koma da fargaba da takardar da za ta ƙare a ƙarƙashin katifa. Ba a rage mata haɗari ko kaɗan ba, an dai ƙara mata damuwa. Adadin da ya kamata a tambayi duk mai shirya irin wannan taro shi ne: cikin waɗanda aka ga tabo, nawa aka yi wa magani kafin su tafi gida? Wanda bai zo da na'urar ƙonawa da cikakken batir ba, bai shirya duba kowa ba.

Ruwan khal shi ma yana da iyakarsa, kuma ɓoye ta ba alheri ba ne. Ido ne ke yanke hukunci, ido kuwa ya danganta da horo da haske da gajiya. Yakan tsallake wasu tabon, yakan kuma ga fari inda ba komai, a ƙona wurin da bai bukata ba. Bayan shekara hamsin da'irar nan ta bakin mahaifa takan ja ciki, dubawar ta rage amfani, shi ya sa aka fi nufin mata 'yan 30 zuwa 49 da shi, a maimaita duk shekara uku. Akwai kuma wani abin da ya shafi wannan yanki musamman. Masu binciken cututtuka da suka yi aiki a Malumfashi a shekarun 1970, haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, sun rubuta yadda tsargiya ta zauna a ƙasar. Mutane sun san ta da fitsarin jini na yara maza, amma ƙwanta yakan maƙale a bakin mahaifar mata masu wanki da ɗibar ruwa a tafki da dam, ya jawo jini da tabon da zai iya rikita mai dubawa. Ma'aikaciyar da za ta yi aiki a gefen dam ɗin Mairuwa ya kamata a koya mata bambancin.

Saboda waɗannan iyakoki ne a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin da ya fi shi ne a nemi ƙwayar HPV ɗin kanta. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga gundumar Osmanabad ta Indiya, inda aka bi matan karkara sama da 130,000: gwajin HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi, kamar yadda aka wallafa a 2009. Shawarar ita ce a fara daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai HIV ta fara daga 25, ta maimaita bayan 3 zuwa 5. Babbar falalarsa ga matanmu ita ce mace na iya ɗibar samfurin da kanta. A ba ta ɗan tsinke mai auduga, ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta fito ta miƙa a cikin kwalba. Ba wanda ya ga tsiraicinta. Mafi yawa za a ce musu babu komai, su tafi abinsu na shekaru. 'Yan kaɗan da aka sami ƙwayar a jikinsu su ne za a hau da su gado a duba da khal, a ƙona in ya kama. Na'urar GeneXpert da aka rarraba a asibitocin Najeriya don gwajin tarin fuka tana iya yin wannan gwaji cikin kamar awa ɗaya. Cikas ɗin shi ne tsadar kayan gwajin, da kuma cewa in sakamako bai fito a ranar ba, an koma gidan jiya na neman mace ta dawo. Inda babu shi, jiran sa ba hujja ba ce ta barin khal.

Kunya gaskiya ce, amma an cika ɗora mata laifin da ba nata ba. Jihar Katsina tana da shaida a kan haka. A Babbar Ruga, tsohon asibitin kutare da ke gefen birnin Katsina, likita ɗan Holan Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a farkon shekarun 1980. Babu ciwon da ya fi wannan abin ɓoyewa, amma da matan farko suka koma ƙauyukansu a bushe, dubbai suka biyo sahu daga ko'ina a Arewa har da Nijar. Matan karkara na zuwa inda suka ji an warke. Abin da suke nema bai da yawa: mace 'yar'uwarsu ta duba su, a ɗaki mai ƙofa da labule, a yi musu magana da mutunci, kuma kada sirrinsu ya riga su isa gida.

Maganar sirri tana da nauyi don hanyar da ake ɗaukar ƙwayar. Ma'aikaciyar da ta ce wa mace "ciwon saduwa ne" ta yi shiru, tana iya kashe aure. Dole ta ƙarasa: ƙwayar na iya kwanciya a jiki shekara goma ko ashirin, namiji na ɗauke da ita ba alama, mace mai miji ɗaya tun tana budurwa tana iya samu, kuma a al'ummar da ake auren zawarawa da zama da kishiyoyi ba mai iya cewa daga ina ta fito ko yaushe. Samunta ba shaidar alfasha ba ce ga kowa. Sannan akwai abin da sai da maigida zai yiwu. Bayan ƙonawa ruwa zai riƙa fita har kusan wata guda, kuma ana son a ƙaurace wa saduwa mako huɗu, ba matsi, ba sa komai, don wurin ya warke. A gidan da ake rabon kwana, mako huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Za a lura, za a yi tambaya. Shi ya sa bayanin da aka yi wa mata a asibiti ya kamata mazajensu su ji irinsa a masallaci da majalisa, daga bakin liman da mai unguwa, tun kafin ranar dubawa.

Rigakafi ya iso, kuma babban ci gaba ne. Najeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum a ranar 24 ga Oktoba 2023, kyauta, allura ɗaya ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14. Kano da Jigawa suna rukunin farko, Katsina ta shiga a rukuni na biyu a watan Mayun 2024. An ji jita-jitar hana haihuwa kamar yadda aka zata, a yankin da bai manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, da ƙauracewar allurar shan inna a 2003. Ruwanda ta fara allurar HPV tun 2011 ta kai ga sama da kashi 90 na 'yan matanta, Ostareliya kuma tana sa ran kawar da ciwon nan da 2035. Amma allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta zauna a jikinta. Yarinyar da aka yi wa a firamare a Bakori sai nan da shekara ashirin za a ga amfanin. Uwarta da gwaggonta, waɗanda ke cikin shekarun tabon a yanzu, dubawa ce kawai garkuwarsu. Wannan ya sa burin da duniya ta ƙaddamar a Nuwamban 2020 yake da ƙafa uku: nan da 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata da ingantaccen gwaji a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka sami ciwo magani.

A maƙwabciya Jihar Kaduna, tare da Legas da Ribas, an gudanar da shirin dubawa da ƙonawa a asibitocin gwamnati da tallafin ƙungiyoyin Unitaid da CHAI, don haka masu horarwa da suka san aikin ba su da nisa da Funtuwa. A 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar maganin daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, abin da zai rage wa masu sankara wahalar layi. Sai dai Katsina na da nisan kusan kilomita 200 daga Funtuwa, kuma cibiya irin wannan tana karɓar waɗanda ciwo ya riga ya kama ne. Aikin da zai rage yawan masu zuwa can yana ƙananan asibitocin mazaɓu, da manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi a matsayin inda za a tura masu babban tabo. Kuɗin na'urar gashi guda ɗaya ya isa a sayi na'urorin ƙonawa na hannu masu ɗimbin yawa.

Ko an ƙona, da sauran mataki ɗaya: bayan wata goma sha biyu a sake duba ta, a tabbatar tabon bai dawo ba. Mace da yawa a karkara ba ta da wayar kanta, lambar maigida ko ta ɗanta za ta bayar, kuma kwanan watan bature da aka rubuta a kati ba shi take lissafi da shi ba. Ma'aikaciyar da ta san mutanenta za ta ce mata, "Inna, da kaka mai zuwa in an gama cirar auduga ki dawo," ko "bayan Sallar Layya da sati biyu," ta rubuta sunan unguwarta da na mai unguwa a rajista, ta kuma sanar da matan sa-kai da ke zaga gidaje don rigakafi. In ta dawo aka ga wurin ya warke, sai ta koma jerin sauran mata. In an sake ganin fari, a wannan karon za a tura ta a fere wurin da waya a babban asibiti, kuma ya kamata a kira can a sa mata rana tun tana zaune, a bi sawu a ji ko ta je.